Bene ko laftof: lissafin da ba a yi wa makarantun Kano

Duk lokacin da aka ce za a raba wa ɗalibai kwamfuta a Kano sai mutane su rabu gida biyu, kuma tun kafin a buɗe baki ka san abin da kowa zai faɗa. Wasu su ce haba jama'a, yaran da ke zaune a ƙasa ko benci babu, ajin da iska ta yaye kwanonsa tun daminar bara, shi ne za a kai wa laftof? Ɗaya ɓangaren kuma su ce ku dai kun fi so mu dawwama a baya, duniya ta yi gaba, yaran wasu suna koyon haɗa manhaja mu muna nan muna ƙirga bulo. Kowa a cikinsu yana da tasa gaskiyar, amma akwai lissafin da ban cika jin ana yi ba, wato waye zai riƙa kashe kuɗi a kan abin bayan an yanke kyalle an watse, kuma wannan lissafin shi ne yake kashe aikin, gini aka yi ko na'ura aka raba.

Mu fara da ginin tunda shi ido yake gani. A watan Yunin 2024 da gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, da bakinsa ya ce yara sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama suna ɗaukar darasi a jihar nan. Wannan fa ba ɗan adawa ne ya faɗa ba, mai gidan ne da kansa. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, to duk wanda ya taɓa leƙa aji ɗaya ko aji biyu a makarantar gwamnati ta Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi ko Sheka ya san wannan adadin a takarda kawai yake, yara ne maƙil har bakin ƙofa wasu a jikin taga, malami ko wurin tsayawa a gaban allo da ƙyar yake samu. Da aka shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019 zamanin Ganduje yara sun ƙara tururuwa, abu ne mai kyau, sai dai ajujuwan ba su ƙaru da saurin da yaran suka ƙaru ba.

Kuma matsalar birni daban take da ta ƙauye, wannan mutane suna mantawa. A ƙauye fili ba matsala ba ne, kuɗin gini da malamin da zai yarda ya zauna ne matsala. A cikin ƙwaryar birni kuwa, Dala da Gwale da Fagge da cikin ganuwa, ko kana da kuɗin ina filin? Tsofaffin makarantun gidaje sun zagaye su, wasu an yanki jikin katangarsu an yi shaguna, filin wasan ma ya zama tarihi. Can gefen gari kuma, ɓangaren Ungogo da Kumbotso inda unguwanni ke tsirowa kullum, yawanci awon igiya ne, mai gona ya yanka filaye ya sayar tas bai bar ko taku ɗaya na makaranta ko asibiti ba, sai bayan mutane sun cika unguwa a fara neman inda za a sa yara. Shi ya sa maganar bene ta shigo, kuma kowa ya tuna benayen ajujuwan da aka yi ta yi a zangon Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, masu fenti ja da fari. Ko kana tare da shi a siyasa ko ba ka tare da shi, dabarar hawa sama a inda babu fili ita ce mai yiwuwa. Amma bene ba wasa ba ne, in ɗan kwangila ya rage siminti a ginin ƙasa bango ne zai tsage, in ya rage rodi a bene rayuka ne, mun ga abin da ya faru a Jos a Yulin 2024 da ginin wata makaranta ya rufta yara suna ciki aka rasa mutum 22.

To daga ina kuɗin ginin yake zuwa? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ita kuma ba ta sakin babban kason sai jiha ta ajiye nata daidai da shi, in an haɗa sai SUBEB, takwararta ta jiha, ta ba da kwangila. Ga kuma shirin AGILE na Bankin Duniya na karatun 'yan mata, wanda aka amince da dala miliyan 500 a 2020 kuma Kano tana cikin jihohi bakwai na farko, shi ma akwai gini da gyara a ciki har da koyar da kwamfuta. Ga ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, kowa ya yi aji biyu da ofis ya rubuta sunansa da manyan baƙi. Duk waɗannan hanyoyin in ka lura abu ɗaya suka iya, su kawo sabon abu. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, wannan ma an san hanyarsa. Amma kuɗin da hedimasta zai sa a buga kwano ɗaya da ya ɗaga kafin ya ja sauran, ko a sauya kwaɗon ƙofa, ko a yashe masai, ko a biya maigadi, shi ne ba shi da uba. Tunda karatu kyauta ne ba a son ya karɓi ko sisi a hannun iyaye, kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) kuma yawanci dattawan unguwa ne masu kyakkyawar niyya da aljihu babu nauyi. Sai ƙaramin gyara na 'yan dubbai ya zauna shekara uku ya zama aikin miliyoyi, daga nan sai a sake ba da kwangilar gyara, a sake fenti, a sake yanke kyalle. Kuma kada a manta farashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, duk kwangilar da aka yi lissafinta kafin nan sai da ta girgiza, wasu 'yan kwangilar suka gudu suka bar gini a linta.

Yanzu ɓangaren masu laftof, kuma gaskiya ba na son yadda ake musu dariya, don hujjarsu mai ƙarfi ce. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. WAEC ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta ga masu zana ta waje a 2024, kuma a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sa wa WAEC da NECO wa'adin komawa kwamfuta. Ko an cika wa'adin ko an ɗaga, hanyar dai nan ta nufa. Yaron da ya gama SS3 a makarantar gwamnati bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar da ya zauna zana JAMB, hannu na rawa lokaci na tafiya, an zalunce shi ko da ya fi kowa haddace littafi. Shi ya sa wuraren koyar da CBT, wato zana jarrabawa a kwamfuta, suka cika gari, iyaye na biya don yaro ya je ya koyi danna amsa kawai. Ɗan mai hali yana da kwamfuta a gida tun yana firamare. Duk wanda ya ce a jira sai an gama gina ajin ƙarshe kafin a taɓa maganar kwamfuta, to cewa yake a haƙura da yaran da ke aji yanzu, don ginin nan ba mai ƙarewa ba ne a garin da ake haihuwa kamar Kano.

Sai dai abin nan an gwada shi a wurare da yawa, har a ƙasar nan, bai kamata mu yi kamar mu ne farau ba. A 2005 wani farfesa na jami'ar MIT a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin kowane yaro laftof ɗaya, 'yar koriya da fari da aka ce za ta tsaya dala 100, farashin da ba ta taɓa saukowa kansa ba. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa zamanin Obasanjo, aka yi gwaji a firamaren Galadima da ke gefen Abuja a 2007, hotuna suka zaga duniya, daga baya ministan ilimi na lokacin Igwe Aja-Nwachuku ya fito ya tambayi amfanin raba laftof ga yaran da ba su da kujerar zama, maganar Najeriya ta sayi laftof miliyan ɗaya ta bi ruwa. Ka ga muhawarar da muke yi yau an yi ta tun lokacin, kusan da kalmomi iri ɗaya.

Ƙasar Peru ita ce ta shiga da ƙafa biyu, ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba, kuma abin da ya sa labarinta ya fi amfani shi ne an bi sawu an auna. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya yi bincike a makarantun karkara 319 ya fitar a 2012, bayan wata 15 da rabon, yaran sun iya sarrafa na'urar sosai, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatun harshe babu wani bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, yawancin makarantun babu intanet, malamai horon 'yan kwanaki aka yi musu, kuma abin da ke cikin na'urar ba a ɗaure shi da darasin da malami yake koyarwa a aji ba. A Kenya, Uhuru Kenyatta ya yi alƙawarin laftof ga 'yan aji ɗaya a yaƙin zaɓen 2013, aka sha rigimar kwangila har kotu, abin ya koma tablet, zuwa 2019 gwamnati ta ce gara a koma gina ɗakin kwamfuta a makarantu. Nan gida Osun ta raba tablet ɗin Opon Imo ga 'yan babbar sakandare a 2013 zamanin Aregbesola, an yi ta yabo a jaridu, yau ba ka jin ɗuriyarsa.

Wanda ya fi kama da maganarmu shi ne na birnin Los Anjeles a Amurka, don can ne gini da na'ura suka haɗu a aljihu ɗaya. A 2013 hukumar makarantun birnin ta ƙuduri ba kowane ɗalibi iPad, aikin da aka ƙiyasta ya haura dala biliyan ɗaya, kuma da kuɗin bashin da jama'a suka amince a ci don gina makarantu da gyara su za a biya. Cikin kwanaki ɗaruruwan ɗalibai suka cire kullen da aka sa suka shiga Facebook da YouTube, darussan da aka saya tare da na'urar ba a ma gama haɗa su ba, shugaban hukumar John Deasy ya ajiye aiki a 2014, har hukumar bincike ta FBI ta zo ta kwashi takardu. Abin da masu suka suka riƙa nanatawa tun farko shi ne, ta yaya za ka ci bashin da za a shekara ashirin da wani abu ana biya ka sayi abin da zai mutu cikin shekara uku ko huɗu? Wannan fa inda wuta ba ta ɗaukewa ke nan.

Nan ne lissafin yake. Aji in an gina shi da gaskiya ana ɗan taɓa shi, zai yi shekara talatin ko arba'in, akwai gine-gine a Kwalejin Rumfa da suka girmi iyayenmu. Laftof a hannun yara in ta yi shekara huɗu ta yi ƙoƙari, batir ne yake fara tafiya, sai caja, sai allon ya fashe, sai madannai su zube. Ma'ana yaron da aka ba shi a JSS1 kafin ya gama sakandare sai an sake saya masa wata, ga kuma sabbin 'yan JSS1 na shigowa duk shekara. Kuma da dala ake sayo ta. Mu ɗauka mai arha ce ta dala 200, kafin Yunin 2023 da dala take wajen naira 460 a hukumance kuɗinta naira dubu 92 ne, da dala ta kai 1,500 ta koma dubu 300, ita ce dai ba a ƙara mata komai ba. In da za a ce yaran nan miliyan 4.7 kowa a ba shi ɗaya, naira tiriliyan 1.4 ke nan, alhali kasafin jihar Kano gaba ɗayansa na 2025, da albashi da titi da asibiti da komai, wajen biliyan 719 ne. Na san ba wanda ya ce a ba kowa, amma ko kashi ɗaya cikin goma aka ɗauka biliyan 141 ne, kuma bayan shekara huɗu a sake. Kowa a Kano ya san sayen doki ba shi ne wahala ba, harawa da dusa na kullum su ne suke sa mutum ya sayar bayan hawan Sallah.

Ana yawan kawo ƙasar Yurugwai ta Kudancin Amurka a matsayin inda abin ya zauna, kuma gaskiya ne, sun fara a 2007 zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya samu, har yau shirin yana nan. Amma su hukuma guda suka kafa mai kasafinta na duk shekara, mai masu gyara, mai kai intanet makarantu, mai sauya na'ura in ta tsufa. Kuma mutanen ƙasar kakaf ba su kai miliyan huɗu ba, wato yaranmu masu zama a ƙasa sun fi su yawa.

Sai maganar wuta, wadda ba sai na ja ta ba, duk wanda ke ƙarƙashin KEDCO ya sani, kuma ba mu manta Oktoban 2024 da Arewa ta shafe fiye da mako a duhu ba. Laftof 40 in kowace tana jan wat 45 wajen caji, kilowat 1.8 ke nan, ban da fanka, kuma ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda ƙurar hunturu da ɓarayi a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ba ya zaunuwa babu fanka. Janareta tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya fi ƙarfin hedimasta. Saura sola, ita ce mafita kuma Allah ya hore mana rana, amma ita ma batiranta da inbata suna da wa'adi, kuma faranti a saman rufin makarantar da ba ta da katanga ba ta da maigadi, ai gayyata ce. Kun ga yadda maganar na'ura take komawa maganar gini da kanta. Abin da yake yawan faruwa a ƙarshe, kuma duk wanda ya yi koyarwa zai gane, shugaban makaranta ya ji tsoron kada a sace ko a lalata a ce shi zai biya, sai ya kulle su a sito cikin kwalayensu, sai in baƙi za su zo a fito da su a jera, batir kuwa in ya daɗe ba caji mutuwa yake ko ba a taɓa shi ba. Ni ba na ganin laifinsa sosai, tsarin ne ya koya masa cewa na'urar da ba a taɓa ba ta fi wadda ta lalace a hannun ɗalibi kwanciyar hankali.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan nauyi. Binciken MICS na 2021 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF ya nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai 'yan shekara 7 zuwa 14 yake da tushen karatu a Najeriya, kuma mun san Arewa maso Yamma tana ƙasa da wannan. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, laftof za ta zame masa talabijin ne. In ma an ce akwai darussa a ciki, da wane harshe? Yawanci da Turanci ne da muryar da ko malamin sai ya kasa kunne, alhali yaron aji biyu a Yakasai ko Gwammaja da Hausa yake tunani. Inda aka ga kwamfuta ta ɗaga karatu da gaske, kamar wani gwaji da aka yi a Delhi ta Indiya, manhaja ce da take auna matakin kowane yaro ta ba shi aiki daidai ƙarfinsa, a cibiya ake zuwa a yi karɓa-karɓa da mai kula a tsaye, ba raba wa aka yi kowa ya tafi gida da ita ba. Jihar Edo kuma a 2018 malami ta bai wa tablet mai ɗauke da darasin kowace rana, wadda take nuna ko ya zo aiki ko bai zo ba. Akwai masu sukar tsarin cewa ya mai da malami mai karanta rubutun wani, kuma kamfani ake biya, sukar tana da tushe, amma ta fuskar kuɗi na'ura ɗaya a aji da na'ura ɗari a aji ba ɗaya ba ne.

Ni in da za a tambaye ni, a firamare a bar maganar kowane yaro da tasa, kuɗin ya tafi rufi da benci da banɗaki da ruwa da littafin karatu na Hausa da malami, in za a sayi na'ura a fara da ta malamin. Banɗakin nan kada a raina shi, yarinyar da ta fara girma in makaranta babu inda za ta kewaya cikin sutura gida za ta zauna wasu kwanaki duk wata, wata ma daga nan ke nan. A sakandare kuma, musamman daga JSS3 zuwa SS3, ɗakin kwamfuta na haɗaka wanda yake aiki da gaske, kuma a nan cunkoson birni ya zama alheri, don makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna za su iya raba ɗaki ɗaya mai kujera hamsin ko sittin da jadawali, safe da yamma har Asabar, abin da ba zai yiwu a ƙauyukan Doguwa ko Tudun Wada ba saboda nisa. Sannan duk sabon benen da za a zana daga yanzu a sa wannan a cikin zanen tun farko, ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe da silin mai kyau, wayarin a cikin bango, rufin da zai ɗauki farantan sola, don fasa bango daga baya ya fi tsada kuma aikin ba ya kyau. Matsalar ita ce masu zana gini ofishinsu daban, masu sayo kwamfuta daban, sau da yawa ma kuɗin daga mabambantan wurare yake, sai kwalaye su iso makarantar da ko soket ɗaya babu.

Masu gyara kuwa ba sai an ɗauko daga Legas ba, matasan da ke Farm Centre da titin Beirut suna farke waya da laftof su mayar kullum, a ɗauki wasu a ba kowa rukunin makarantu da ɗan alawus da kayan gyara a hannu. Haka masu karatun koyarwa a kwalejojin horar da malamai irin su Sa'adatu Rimi, kafin a ba mutum takardar NCE a tabbatar ya taɓa koyar da darasi da kwamfuta a gaban yara na gaske, ba ya zana hoton linzami a takardar jarrabawa ba. Jihar ta ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin ɗari a kasafin 2024 da kashi 31 a na 2025, kuɗi ne masu yawa, abin da nake so 'yan majalisar dokoki da 'yan jarida su riƙa dubawa shi ne nawa ne a ciki aka rubuta wa gyara da kula, nawa kuma aka saki ya isa hannun makaranta. Iyaye da 'yan SBMC kuma ranar da aka zo da motar kaya ana ɗaukar hoto, suna da damar su tambaya a gaban kowa, garantin shekara nawa ne, in ta lalace lambar wa za a kira, kuma batirin solar in ya mutu daga wane asusu za a sayi wani.